Na'urar Awo a Hannun Maigadi

Wata goma sha huɗu Lauya ta yi tana rubuta takardar koke kafin a turo mai awo. Ba lauya ba ce fa, malamar firamare ce. Sunan ya bi ta ne tun tana 'yar shekara shida, don ko kaza aka ce mata fara ce sai ta ce a kawo shaida. To wannan karon ta samu shari'ar da ta dace da bakinta. Kamfanin lantarki ya kafa fankoki goma sha tara a kan tudun da ke bayan gidan iyayenta, irin dogayen nan masu fukafukai uku da iska ke juyawa, kuma ta bakwai ɗinsu, wadda ta fi kusa da gidan, ita ta hana uwarta sakat.

Ƙarar ba wata mai firgitarwa ba ce, abin haushin ke nan. Baƙo zai shigo ya sha ruwa ya ce shi bai ji komai ba, sai wani "wuf, wuf" can nesa. Amma zauna ka yi sati ka gani. Da la'asar ta yi, iska ta juyo daga tudu, sai wani gurnani ya shigo ta ƙasa, ya bi bango, ya hau ƙafar gado, ruwan kofi ya riƙa rawa shi kaɗai. Inna ta fara da ciwon kai, ta koma jiri, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Likita bai yi wani kwana-kwana ba, ya ce ko dai ƙarar ta ragu, ko Inna ta bar gidan.

Barin gida kuwa nufinsa ta koma birni wajen Lauya, ɗaki biyu da falo, ga miji ga yara huɗu. Baba kuma ya riga ya faɗa, ko yanka shi za a yi ba zai tare a gidan suruki ba, balle ga awakinsa ga lambunsa. Shekara arba'in da uku da aure, sai yanzu da tsufa fanka za ta raba su. Hanya ɗaya ta rage. Idan awo ya nuna ƙarar ta wuce ƙa'ida, dole kamfani ya rage wa ta bakwai gudu duk lokacin da iska ke bugowa gidan, Inna ta zauna a ɗakinta. Idan kuwa awo bai fito ba, Inna ta yi wa Lauya alkawari da bakinta cewa za ta bi ta.

Mai awon da ofishin muhalli ya turo mace ce, siririya, mai takalmin aiki da ƙarancin magana, kowa Injiniya yake ce mata. A bayan gida ta kafa na'urar, taku goma daga katanga: ƙarfe mai ƙafa uku, a samansa makirufo sanye da wani soso kamar ƙwallo. Ta ɗaure ƙafafun da sarƙa. Ta kafa wata sanda mai auna iska. Sannan ta shiga ɗakin Inna ta ajiye wani ɗan ƙarfe kamar gwangwanin madara a kan siminti, ta ce wannan shi ke jin girgizar ƙasa.

"Kwana goma za ta yi," in ji ta, Baba da Inna da Lauya suna tsaye. "Tana yanka lokaci minti goma-goma. Yanka talatin nake bukata masu tsabta, iska tana busowa daga tudu da ƙarfi, kuma ba abin da ke shiga sai ƙarar fanka. Ba hayaniya a kusa, ba rediyo, ba kukan akuya. Kada a taɓa, kada a matsar."

"An gama, 'yata," in ji Baba. Ya zagaya na'urar hannuwansa a baya. "Tana da tsada?"

"Ta fi motar da na zo da ita."

"Kuma a waje za ta zauna? Ita kaɗai?"

"Don waje aka yi ta, Baba."

Lauya ta ga yadda idonsa ya canza. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana gadin wani siton kaya, ko ƙusa ba ta taɓa ɓacewa a hannunsa ba, kuma bai taɓa barin wani ya manta da hakan ba. A ce wa irin wannan mutum ga abin da ya fi mota tsada, a bayan gidansa, amma ya yi kamar bai gani ba! Da ta san abin da ta sani yanzu, da a ranar ta nemi hutu ta zauna ta tsare shi. Amma ana jarrabawa a makaranta, ta bi motar yamma ta koma.

Ranar kwana uku ta dawo ta leƙa. Tun daga nesa ta hango wani abu baƙi a bayan gida, ta ce a ranta Allah ya sa ba abin da take zato ba ne. Shi ne kuwa. An ɗaure wa makirufo lema da igiyar roba, an lulluɓa masa tsohon zani ta ɓangaren tudu, wato daidai inda ƙarar ke fitowa. Soson nan babu shi. Tana waigawa ta gan shi a igiyar shanya, an maƙale shi tsakanin ɗankwali da safa.

"Inna! Wa ya cire wannan?"

"Tsuntsu ne ya ɓata shi," Inna ta amsa daga kicin. "Haka za mu mayar wa baiwar Allah da kayanta, ta ce mu ƙazamai ne?"

Lauya ta faɗa ɗaki da gudu. Ɗan ƙarfen da aka ce a bar shi a kan siminti yana zaune daram a kan matashin kai, an rufa masa ƙyallen da ake rufe faranti da shi.

"Baba! Don girman Allah, mene ne wannan?"

Baba ya shigo yana kakkaɓe hannu. "Ƙasan akwai sanyi. Ga tsintsiya tana bi kullum."

"Girgizar ƙasa yake ji! Ƙasa! Ta yaya zai ji ta a kan auduga? Ita kuma waccan, ka toshe mata kunne da zani, me kake so ta ji?"

"Rana ce ke dukanta, ke. Kayan mutane ne. In ta lalace a hannuna da wane ido zan kalli yarinyar nan?"

"In ta ƙi yin awo da wane ido za ka kalli Inna?"

"Kai, Lauya, bakinki!" in ji Inna daga ƙofa. "Ubanki ne fa."

Lauya ta kira Injiniya a waya cikin takaici. Injiniya ta ce kwana ukun sun tafi, a manta da su. Ta gaya mata yadda za ta mayar da soso in ya bushe sarai, da inda za ta ajiye ƙarfen, ta ce saura kwana bakwai, kuma sun isa in aka bar na'urar ta yi aikinta.

Lauya ta gyara komai da hannunta. Sannan ta zaunar da Baba a kan benci ta yi masa irin abin da take yi wa 'yan aji uku. Ba taɓawa. Ba ɗagawa. Ba rufewa, ba gogewa, ba wankewa, ba lema, ba zani, ba matashi. Awaki su koma gidan maƙwabci. Rediyo ya shiga akwati.

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi. Ko da ɗan yatsa ba zan taɓa ta ba. Amma zan zauna in sa mata ido."

"Zauna, in dai ba hayaniya."

"Ni da hayaniya? A bakin aiki?" Har ya ji haushi.

Daga kwana na biyar iska ta zo kamar an aiko ta. Kullum da la'asar sai ta taso daga tudu ta yi ta bugawa har bayan magariba. Lauya tana birni tana jin daɗi tana jin tausayi, don ta san abin da ke cika na'ura shi ke fasa kan Inna. Kullum sai ta kira.

"Baba, ba ka taɓa ba?"

"Ban taɓa ba."

"Awaki fa?"

"Suna gidan maƙwabci suna cin amanar ciyawarsa."

"Inna?"

"Tana kwance ta ɗaure kai. Amma ki kwantar da hankalinki, komai yana shiga. Ni ne a wurin."

Wannan "ni ne a wurin" ɗin ya ɗan tsaya mata a rai, amma ta kore shi. Mutum ya yi alkawari, me kuma za ta ce?

Ranar kwana goma da hantsi Injiniya ta zo, Lauya ma ta zo. Na'ura tana nan yadda aka bar ta, soso a kai, ƙarfe a kan siminti, sai wata kujerar roba a gefe da ƙafafunta suka nutse a ƙasa don zama. Baba ya miƙa kayan yana ƙirga wayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar mai sauka daga aiki, sannan ya tafi ɗebo awakinsa. Injiniya ta buɗe kwamfuta a kan bayan motarta. Lauya ta tsaya a kafaɗarta tana kallon wasu layuka masu hawa da sauka da ba ta gane komai a cikinsu ba.

"Iska ta yi kyau," in ji Injiniya. "Yanka saba'in da wani abu. Girgizar ɗaki ma ta shiga." Ta matso da fuskarta. "Waɗannan tsinin fa na mene ne?"

Ta sa abin sauraro a kunne ta danna. Lauya ta ga ta runtse ido. Ta tsallaka gaba ta sake dannawa, ta sake, ta sake. Can ta cire abin ta miƙa wa Lauya.

Farko iska ta ji, da gurnanin nan a ƙarƙashinta. Sai ƙarar jan kujera. Sai murya, ƙasa-ƙasa, amma dab da kunne kamar mai maganar yana cikin kanta.

"Salamu alaikum. Maigadi ne. Ƙarfe huɗu da minti ashirin, ta bakwai ta fara. Kin ji ta ko? To ki rubuta."

Lauya ta dafe motar. Injiniya ta danna na gaba.

"Huɗu da rabi. Ta ƙara ƙarfi. Ga ta nan, wuf, wuf. Ki ji da kyau, wannan ce mai shiga ƙashi."

Na gaba.

"Biyar saura kwata. Matar gidan ta shiga ɗaki, ta bar tankaɗe a tsakar gida. Ba halinta ba ne barin aiki a tsakiya. Ki sa wannan ma."

Wayyo Allah! Rahoto yake bayarwa. Shekara talatin da ɗaya an koya masa cewa duk abin da ya gifta a bakin aiki a faɗi lokacinsa a shigar da shi, shi ne ya zo ya sauke wa na'ura. In iska ta kwanta sai ya yi tsit, don ba abin da za a ba da rahoto. Da ƙarar ta tashi, wato daidai lokacin da ake nema, sai ya matso ya kai baki. Lauya ta ji kamar ta kurma ihu. Ta ce a kashe, amma Injiniya ta riga ta danna wani, na ranar kwana takwas.

"Biyar da minti goma. Yau ta faɗi a banɗaki, ban gaya wa yarinyar ba, kada ta zo ta ɗauke ta. Ke za ki je inda ni ba zan iya zuwa ba. Ki gaya musu ba wai muna ƙin wutarsu ba ne. Ki ce mata ce mai haƙuri, ko haihuwa ba ta taɓa yi wa kuka ba, yanzu fanka ta sa ta kuka. Ki ce ni tsoho ne, in aka tafi da ita ban san yadda ake zama a gidan nan ba. Shi ke nan. Biyar da kwata, tana nan tana yi."

Lauya ta cire abin daga kunnenta. Haushi da tausayi suka haɗu suka kama ta, kuma wallahi haushin ya fi yawa.

"Nawa suka tsira?"

Injiniya ta ɗauki lokaci tana bi ɗaya-ɗaya. "Tara. Duk lokacin da ya tafi sallah ne."

"Taran me suka nuna?"

"Duk sun wuce ƙa'ida."

"To ai shi ke nan! Ki rubuta!"

"Talatin ake bukata, Malama."

"Ki yanke muryarsa. Ai kwamfuta ce, ana yi."

"A kan ƙarar take zaune. In na cire shi na cire ta."

"To girgizar ɗakin? Kin ce ta shiga."

"Ta shiga, amma ita kaɗai ba ta isa a rage wa fanka gudu ba. Shaida ce ta biyu, sai da ta farko."

Lauya ta yi ta kawo hujja. Ta ce a haɗa rabin wannan da rabin wancan. Ta ce a ƙara kwana biyar, ita da kanta za ta kulle Baba a ɗaki ta riƙe makulli. Ta ce ai maganarsa ma shaida ce, wa ya fi shi sanin abin da ke faruwa? Injiniya ta bar ta ta gama.

"Kamfani ma yana da injiniyoyi, kuma za su saurari kowane yanka. In na cusa masu murya, za su yi watsi da rahoton gaba ɗaya, a ce an auna ba a samu komai ba, a rufe koken. In na rubuta cewa awo bai kammala ba, ƙofa tana buɗe. Na'urar kuma gobe ana jiranta a wani wuri, bayansa akwai uku. Kafin ta dawo iska ta juya."

"Sai yaushe?"

"Baɗi war haka." Ta rufe kwamfutar. "Na ji abin da ya ce. Na kuma ji fankar a bayansa. Amma ba zan sa hannu a kan abin da zai rushe muku shari'a ba."

Lauya tana tsaye sai ga Baba ya shigo da awaki uku a igiya, fuskarsa a sake, irin ta wanda ya yi aiki yana jiran a yaba.

"Yaya dai? Ya fito?"

"Baba, me ya kai bakinka jikin na'urar nan?"

"Ban taɓa ta ba."

"Magana! Wa ya ce ka yi mata magana?"

"An ce kada a yi hayaniya, shi ya sa na matsa kusa na yi a hankali." Ya dubi Injiniya, ya dubi 'yarsa. "Ita baƙuwa ce a nan, ina za ta san wace ƙara ce ta fanka, wace ce ta iska? Dole a samu mai nuna mata. Ta dai ji ni ko?"

"Ta ji ka, Baba. Kai ta ji, ba ta ji fankar ba. Talatin ake nema, tara aka samu. Wata goma sha huɗu ina rubutu, ka zauna a kujera ka cinye shi da baki a kwana biyar!"

Ta faɗa da ƙarfi, kuma ba ta yi nadama ba a lokacin. Baba ya tsaya da igiya a hannu, awaki suna ja yana bin su da taku ɗaya. Ya juya wajen Injiniya.

"'Yata, ba a gogewa?"

"Ba a gogewa, Baba. Ka yi haƙuri."

"In na yi shiru yanzu fa? Ko wata guda kike so, zan yi."

Injiniya ta sunkuyar da kai tana naɗe waya.

Inna tana bakin ƙofar baya, ɗankwali ɗaure tam a goshi, ta ji komai. Ta kalli Lauya ta ce, "Motar ƙarfe nawa za mu bi?"

Baba ya ɗaure awakin a turke, ya daɗe yana ƙulla igiyar da ba ta bukatar ƙulli. Sannan ya wuce su ya shiga ɗaki. Lauya ta bi shi, don bakinta bai gama ba, akwai sauran magana cike da cikinta. Ta tarar ya durƙusa ya jawo akwatin Inna daga ƙarƙashin gado yana share masa ƙura da hannun riga.

"Zo ki ji," ya ce, bai ɗago ba. "Farin maganin da safe ne, bayan ta ci abinci, in ba haka ba yana tayar mata da zuciya. Ba za ta taɓa ce miki kanta na ciwo ba, sai dai ki duba idonta na hagu, in ya ƙanƙance to ya fara. Kada ki bari yaranki su yi ta buga ƙofa. Kuma ba ta iya cin abinci ita kaɗai, sai ta ce ta ƙoshi. Ki sa wani ya zauna da ita, ko bai ci ba."

"Kai fa, Baba? Wa zai zauna da kai?"

"Riƙe mini murfin nan," ya ce. "Makullin ya lalace, sai an danne."

Lauya ta durƙusa ta danne murfin.